Wayar da Ban Yi Wa Ciki Ba

Ku samarin da ke zama a rumfata ranar kasuwa, kuna ganin ɗaura parabol ba aiki ba ne. Mutum ya ɗaga salula sama ta nuna masa inda tauraron yake, ya ɗaure ƙusa huɗu, hoto ya fito a tele, ya sauko ya wanke hannu. Rannan ɗayanku ya ce ko tela zai iya. To, tela zai iya fitar da hoto. Amma hoto shi ne ƙaramin abu a sana'ar nan. Babban abin shi ne yadda za ka bar gidan mutane bayan ka naɗe tsaninka ka tafi. Na san haka tun ba a haife ku ba, kuma akwai ranar da na sani na yi shiru.

A Maraɗi na koya, wurin Alhaji Ɗan Ladi mai walda, Allah ya jiƙansa. Lokacin babu kamfani, babu abonma da ake biya wata-wata. Shi da kansa yake ƙera parabol da ƙarfe da raga, ƙato, sai mutum huɗu sun taru kafin a ɗaga shi. Ba mu da ɗan akwatin nan mai kuka da ke gaya maka ka kama tauraro. Mutum ɗaya yana ɗaki gaban tele, ɗaya yana waje yana tura ƙarfe da kafaɗa, ana magana ta taga. Koma kaɗan. Ya wuce. Dawo. Wata rana sai la'asar hoto zai tsaya.

Mu biyu muka tafi daga Dakoro, ni da Iliya ɗan kawuna, taubashina. Na girme shi da shekara uku. Shi ya yi lakol har ya taɓa kolej, ni kuwa aji uku na yi aka mayar da ni bayan awaki. Saboda haka nake ce masa Mushe, kamar malamin lakol, shi kuma yana ce mini Gwani. Duka biyun tsokana ce. Da Alhaji ya ga Iliya yana karanta takardun da ke zuwa cikin kwalaye, sai ya riƙe shi a shago yana shigar da lambobin tashoshi. Ni aka riƙa fita da ni.

Aikin da ba na mantawa, wani gidan laka ne a tsohuwar unguwa. Na huda bango da tsinken ƙarfe, na jawo waya daga parabol, na miƙe ta sumul har cikin hudar. Ina jin daɗin yadda ta miƙe. Alhaji ya ƙaraso ya duba. Ya karɓi butar alwala a hannun maigidan, ya hau tsani, ya tsiyaya ruwa a kan wayar daga sama. Ina tsaye ina kallo, ruwan ya bi waya kamar an kira shi, ya shige cikin bango.

Ya ce, "Ka gani? Buta guda ke nan. Damina buta nawa ce?"

Ya sa na kwance, na saki wayar ta sauko ƙasa da hudar kamar taƙi ɗaya, sannan ta lanƙwaso ta hau ta shiga. Ya ce, "Haka ake yi mata ciki." Ya sake zuba ruwa. Ruwan ya gangaro ya taru a ƙarƙashin lanƙwasar, ya ɗiga ƙasa, bango yana bushe. Ya ce a gidan siminti in ka manta, fenti kawai zai ɓaci. A gidan laka kuwa ka buɗe wa ruwa hanya zuwa cikin bango. Ranar Iliya yana shago. Sauran ayyukanmu yawanci gidajen siminti ne na ma'aikata, maganar ba ta sake tasowa a gabansa ba.

Da muka dawo Dakoro, shekaru da yawa in an ce parabol, Laminu ake nufi, wato ni. Dillalan dabbobi, malaman lakol, masu shaguna, duk ni ke hawa bangonsu. Na taɓa kafa wa wani mai raƙuma parabol can wajen Azagor, a fili, na haƙa rami na dasa ƙarfen da siminti, tele tana cin wuta daga batirin mota. Da hoto ya fito, tsohuwar gidan ta ja lulluɓi ta rufe fuska, ta ce baƙi sun shigo babu sallama. Iliya yana tare da ni a irin waɗannan tafiye-tafiye, amma aikinsa na ciki ne. Ni ke huda bango, ni ke jan waya, shi yana zaune gaban tele da ɗan littafinsa. Mutane suna cewa Laminu da ɗan'uwansa. Haka nake son jin ta.

Sai kamfanin ya zo. Ba zan faɗi sunansa ba, babba ne, ofishinsa yana Yamai, masu shi suna ƙetare. Parabol ɗinsu bai fi faifai biyu ba, mutum ɗaya zai rataya shi a moto, wato babur. Akwai dekodar, ɗan akwatin da ake haɗa wa tele, mai kati a ciki, in ka biya abonma tashoshi su buɗe, in wata ya ƙare su rufe. Abin da ya ja mutane ƙwallo ne. Namu manyan na raga suka koma wurin shanya kuɓewa. Kamfanin yana neman wakili ɗaya a Dakoro, wanda zai sayar da kayan, ya ɗaura, ya sabunta abonma. Wani mutum ya zo da farar mota yana tambaya a kasuwa, kowa ya nuna masa rumfata.

Ya gaishe ni da Hausa mai kyau, ya miƙo mini takarda shafi uku ya ce in cika. Na juya ta, na miƙa wa Iliya ya karanta mini. Iliya ya tambaye shi wani abu da Faransanci, ya amsa, suka ci gaba. Ina zaune a kan kujerata, a rumfata, ana magana a kaina kamar ana cinikin rago. Bayan sati biyu aka kira Iliya horo a Yamai.

Ya dawo da riga mai tambarin kamfani a ƙirji, da hula, da sabon moto, da allo da aka kafa a bakin wani shago kusa da tasha. Rigar nan na kalle ta fiye da yadda na taɓa kallon tufafin wani. Tana da aljihu a hannu na saka turnabis, abin ɗaure ƙusa. Na gaya wa matata Rabi cewa ɗinkin ma bai yi kyau ba. Ta ce, "Malam, yau kwana huɗu kana zagin rigar nan. Aikin kake so ko rigar?"

Gaskiyar Allah, Iliya bai yi mini wulaƙanci ba. Shi ya zo har gida ya ce, "Gwani, ni takarda na iya, kai bango. Mu yi tare kamar da, duk abin da ya shigo mu raba." Na ce to. Baki ne ya ce to.

Ku gane yadda kayan kamfanin suke. Komai a cikin kwali ɗaya yake zuwa: parabol, da hannun ƙarfe na kafawa a bango, da ƙusoshi, da waya da aka yanka daidai awo. Dokarsu ita ce wakili ya yi aiki da abin da ke cikin kwali kawai, in ya ƙara wayar kasuwa, ba ruwansu da duk abin da ya lalace. Wanda ya auna wayar nan gidajen birni ya gani, inda tele take bayan bangon da aka kafa parabol. Bai san gidajenmu ba, inda za ka kauce wa itacen bedi da rumbu kafin ka ga sama. A ƙauye wayar da ƙyar take kaiwa. In kana so ta kai, sai ka ja ta ta miƙe.

Aikin farko da muka yi a ƙauyen Ɗan Gulbi na Baba Ɗan Jimo ne, mai sayen gero da gyaɗa. Yana da babban zaure na laka inda dattawa ke zama, yana so a sa tele su riƙa kallon kokowa da labarai. Bazara ce, bango ya bushe ƙayau. Iliya ya ce yau shi zai hau, don a Yamai an ce wakili ya ɗaura da hannunsa. Ya kafa parabol a saman kusurwar gabas, ya huda bangon a ƙasa da shi, ya sauko da wayar a karkace, a miƙe kamar tsirkiyar baka. Ni na tura masa bakin wayar cikin hudar da hannuna. A jakata akwai naɗin waya tawa, wadda za ta yi ciki goma.

Na buɗe baki zan yi magana, sai ga Baba Ɗan Jimo ya fito da ƙwaryar fura. Ya dubi rigar, ya ce, "Sannu da aiki, injiniya. Sauko ka sha." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma riƙe mishi tsanin da kyau, kar ya faɗo."

Na riƙe tsanin.

Iliya ya leƙo daga sama, gumi na zuba, ya ce, "Gwani, ya yi?"

Na ce, "Ya yi, Mushe. Yadda aka koya maku a Yamai."

Ya yi dariya, ya ɗauka tsokanar da muka saba ce. Muka sha fura, hoto ya fito tar, dattawa suka sa albarka. Bayan wannan na fara kawo dalilai, yau baya na ciwo, gobe ina da gona. Iliya ya ci gaba shi kaɗai. Duk bazarar nan yana ɗaurawa, cikin gari da ƙauyuka, kuma duk wayar da ya ja, haka ya ja ta.

Daminar shekarar ta zo da ƙarfi, ruwa da iska daga gabas. Abin da aka fara gani baƙin zane ne a bango, daga hudar waya zuwa ƙasa. Daga nan laka ta fara kumbura tana zubowa a bayan tele. Mutane suka riƙa zuwa wurina, don Iliya bai san abin da zai ce masu ba, yana ta cusa siminti a huda, ruwa kuma yana bin waya yana ratsawa ta gefe. Ni sai in je, in ƙara waya, in yi mata ciki, in toshe hudar. In an tambaye ni me ya faru, sai in ce, "Aikin takarda ke nan." Ban taɓa ambatar sunansa ba. Ba sai na ambata ba.

Wata ranar kasuwar Ɗan Gulbi na bi ta ƙofar Baba Ɗan Jimo a kan moto. Na ga zanen, ya yi faɗi kamar zanen mace, kusurwar gabas ta yi duhu har ƙasa. Na rage gudu. Aikin bai fi na shan shayi ɗaya ba. Na ce a raina bari su kira injiniyansu, na ƙara wuta.

Da marka ta kama, aka kwana uku ana yayyafi babu tsayawa. Da hantsi a rana ta uku bangon ya zauna. Sauran dattawan ruwa ya hana su fitowa, Baba Ɗan Jimo kaɗai ke cikin zauren yana ɓarar gyaɗa. Azara ta sauko masa a ƙafa, ta karye ƙasa da gwiwa. A amalanke aka fito da shi zuwa hanyar mota. Ƙafar ta ɗoru, amma a karkace.

Kamfanin ya turo mutumin farar mota. Ya zagaya gidaje, ya ɗauki hotuna, ya ce laifin wakili ne. Iliya ya fito da littafin horonsu ya ce a nuna masa shafin da ya saɓa. Babu shafin, amma kamfani ba ya karɓar laifi daga hannun wakilinsa. Suka sauke allo, suka karɓi moto, har rigar sai da ya tuɓe ya ba su. A kasuwa aka sa masa suna Mai Kada Bango. Ko rediyo mutane suka daina ba shi ya duba.

Ni kuwa na sa Rabi ta wanke mini babbar rigata, na zauna a rumfa ina jiran farar mota. Ta wuce ta gabana ba ta tsaya ba. Wakilcin aka ba wani ɗan kasuwa daga Maraɗi mai sayar da katifu, wanda bai taɓa taka tsani ba, amma yana da shago mai ƙofar gilas da ɗa mai iya Faransanci. Shi ya riƙa kirana in ɗaura masa kamar ɗan ƙwadago. Shekara da shekaru ina hawa bango da sunan kamfanin nan, ko hula ba su ba ni ba.

Kamfanin ma bai ji daɗin garinmu yadda ya zata ba. Su sun lissafa mutum zai biya kowane wata kamar ma'aikaci. Mu kuwa da kaka ake biya, in gero ya shiga rumbu, ko in an sayar da bijimi. In bazara ta yi tsanani ba wanda zai ciyar da dekodar ya bar yara. Wasu sai lokacin ƙwallo su kunna, ƙwallo na ƙarewa su lulluɓe ta da kallabi. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke kwana biyu, mutum ya ce a mayar masa da kwanakinsa, kamfani ya ce babu wannan. Gida ɗaya ya biya, a ja waya ta kan katanga zuwa gida huɗu. Wannan ma ni na ja da yawa, ba zan ɓoye ba. Daga baya ƙananan dekodar masu arha suka shigo ta kan iyaka, bayansu kuma salular nan taku, da kowa ke kallon abin da yake so a tafin hannunsa. Mai katifu ya mayar da allon ya koma kan katifunsa. Abin da ya fi ba ni haushi, sabon kwalinsu yanzu wayar doguwa ce, kuma a ɗan littafin ciki akwai zanen waya da cikinta, da ɗigon ruwa a ƙasa.

Iliya ya bar gari bayan abin da ya faru, ya yi arewa. Can ya haɗu da masu kafa pano, faifan nan mai kama hasken rana, suna sa injin jan ruwa a rijiyoyin makiyaya. Ya koya, ya karanta littattafansu, ya dawo Dakoro ya buɗe nasa. Yau yana da mota mai buɗaɗɗen baya da ma'aikata, gidansa na siminti ne, kuma in kuran ya ɗauke, gidansa kaɗai ke da sanyin firji a layinmu. Hanyata ta zuwa masallaci ba ta bi ta ƙofarsa ba, amma ta nan nake bi. Muna gaisawa a suna da jana'iza. Mushe da Gwani kuwa sun mutu tun shekarar nan.

Bara Baba Ɗan Jimo ya shigo rumfar nan da sandarsa, yana jan ƙafa, ya kawo telekomand ta sauya tashar tele, ta daina aiki. Ya tsufa ƙwarai. Ina goge mata wurin batir, sai ya ce, "Laminu, kowa ya ce aikinka ba ya kada bango. Da kai ka hau ran nan, da ƙafata tana nan."

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce, "Baba, ina wurin. Ni ne na riƙe tsani."

Ya ce, "Kai ne?"

Na gaya masa duka, da wayar da ke jakata, da ranar da na rage gudu a ƙofarsa na wuce. Ya saurara har na kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Gama gyaran dai." Da na gama ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Ni ƙafa ce, na saba da ita. Yaron nan sunanshi ka karya. Tahi ka gaya mishi."

Na samu Iliya a ƙofar gidansa ana loda pano a mota. Na ce ina son magana, muka koma gefe. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Na sani, Gwani."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin in bar gari. Na bi gidajen da ka gyara ɗaya bayan ɗaya, na ga lanƙwasar. Na koma tsofaffin ayyukanka, har na mai raƙuman Azagor, ko wace waya da cikinta. Na tahi Maraɗi na tambayi Alhaji, ya ɗauko buta."

Na ce, "Mi ya hana ka faɗa? Da ka wanke sunanka."

Ya ce, "In ce mi? In tsaya a kasuwa in ce ɗan gwaggona ya bari bango ya faɗa wa tsoho saboda riga? Gwaggo tana da rai lokacin."

Ya nuna mini bayan motar. Ya ce duk wanda ya zo aiki wurinsa, ranar farko buta yake ba shi kafin turnabis. Ko wannan sai da ya sosa mini rai, don ni aka yi wa darasin butar, ba shi ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Na yafe tun tuni, don in samu barci. Amma ka ji, Gwani, ko a lahira ba ka ƙara riƙe mini tsani." Ya yi dariya. Ban iya taya shi ba.

Sati na zagayowa na ɗauki waya na tafi Ɗan Gulbi. An sake gina zauren, na laka kamar da, wani ɗan garin ya ɗaura masu ƙaramin parabol kwanan nan, wayar a miƙe. Na kwance ta, na sa sabuwa, na yi mata ciki taƙi guda da rabi. Baba Ɗan Jimo yana zaune a kujera, ƙafar a kan turmi. Ya sa aka kawo buta. Na hau na zuba, ruwa ya ɗiga ƙasa. Ya ce, "Ƙara." Na ƙara. Sai da butar ta ƙare ya ce in sauko.

Ban sauko nan take ba. A kan rufin akwai pano guda biyu da ke ba tele wuta. Baba ya ce Iliya ne ya kafa masa su kyauta shekarun baya, bai gaya wa kowa ba. Na tsaya a kan tsani na bi aikin da ido, ƙusa bayan ƙusa, daga ɗaurin ƙarfen har inda wayar ta lanƙwasa ta shiga bango. Na daɗe ina neman inda ya yi kuskure. Ban samu ba.